Rage wa Akori-Kura Mai Ba Tsimi Ba Ne

Kaka ta kama, hatsi ya taru a masussuka, masu lambu kuma sun shiga gyaran fadama. Daga yanzu har faɗuwar ruwa ba abin da zai sha wuya a ƙauye kamar tsohuwar akori-kura. Ita za ta kwashe dawa da masara zuwa Dawanau, ita za ta ɗauko kwandunan tumatir daga Kadawa da Kura zuwa Kwanar Gafan, ita ce kuma za ta komo da taki. Manomin da ya mallake ta, ko ƙungiyar da ta yi karo-karo ta saya, sun san abin da ta ke ci. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000.

To, wannan tsada ita ta ƙarfafa wata al'ada da ta ke nema ta ƙarasa 'yan motocin da suka rage. Mai mota ya je gareji ya ce, "Malam, motar nan ta cika shan mai, a rage mata." Makaniki ya ɗauki sukuddireba, ya murɗa wani ɗan sukuru a gindin kafireta, ya ce, "Alhaji, an gama," ya karɓi ladansa. In mai motar ya komo ya ce bai ga canji ba, sai a kwance kafiretar, a sa mata jet ƙarami, ko a cusa silin waya cikin wanda ke ciki don ramin ya tsuke. Kowa ya tafi yana murna ya yi tsimi. Alhali kuwa daidai ya ke da mai shanun huɗa da ya ga harawa ta yi tsada ya rage wa bijimansa ci ana sauran mako biyu a fara huɗa.

Ya kamata a fara sanin irin motocin da a ke magana a kai. Peugeot 404, wadda jama'a ke ce wa Fijo, an fara ƙera ta a Faransa a 1960, mai buɗaɗɗen bayan nan kuma ta fito a 1967. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. A 1975 aka fara harhaɗa su a Kaduna, 504 kuwa ba a daina yin ta a can ba sai cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta. A Turai yanzu motocin nan sun zama kayan tarihi, masu sha'awa ke goge su, su fito da su ran hutu. A ƙauyukan arewa kuwa har yanzu akwai waɗanda ke ɗaukar buhu. Da su da tsohuwar Land Rover mai fetur duk kafireta ke ciyad da su, yawanci Solex ko Zenith. Motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau galibinsu ba su da ita, kwamfuta ke auna musu mai.

Aikin kafireta ba wani asiri ba ne. Duk wanda ya taɓa riƙe famfon filit na maganin sauro ya ga yadda iska in ta wuce da ƙarfi ta kan bakin ɗan bututu ta kan tsotso ruwan maganin ta watsa shi kamar hazo. Haka ita ma ta ke yi. Fistin in ya sauka ya kan zuƙo iska, iskar ta bi ta wani maƙogwaro da aka tsuke, gudunta ya ƙaru, ta tsotso fetur. Fetur ɗin yana jira ne cikin wani ɗan kofi a jikin kafiretar. Cikin kofin akwai ɗan gwangwani rufaffe mai iyo a kan mai kamar goran masunta. In man ya kai iyakarsa, ɗan goran ya taso ya tura wata allura ta toshe hanya. Daga kofin man ya kan bi ta jet, watau ɗan ƙarfen tagulla mai rami da aka auna. Totur da direba ke takawa ba mai ya ke buɗewa ba, wani ɗan faifai ya ke juyawa don iska ta ƙaru, iskar ce ke jawo man daidai ƙarfinta.

Masana sun auna sun ga fetur ba ya ƙonewa sarai sai kowane kilo ɗaya ya sami iska kilo 14.7. In aka mai da shi awon da aka saba, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000, watau cikin durom 45. Ashe inji iska ya fi ci, man ɗan mahaɗi ne kawai. In man ya fi haka yawa sai a ce haɗin ya yi kauri, in ya gaza kuwa ya yi tsararo, kamar dai kunu. Amma fa ba kullum awo ɗaya inji ke so ba. Da sanyin asuba yana son mai kauri ƙwarai, shi ya sa a ke jan cok. In yana hawan tudu da kaya yana son wajen kashi 12 da rabi ko 13 na iska ga kashi ɗaya na mai. In kuwa ya miƙe a hanya mai kyau ba nauyi, 15 ko 16 ya ishe shi. Waɗanda suka ƙera kafiretar sun riga sun yi wannan lissafi duka, suka zaɓi jet ɗin da ya dace da kowane hali. Tsimin da za a iya yi ba tare da ɓarna ba, su sun riga sun yi shi tun a masana'anta.

Haɗi mai kauri ɓarna ne, ba mai musun wannan. Ya kan fid da baƙin hayaƙi, ya cika fulogi da kunkunniya, man da bai ƙone ba ya wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa. Amma shi ɓarnarsa a fili ta ke, ido na gani, hanci na ji, kuma sannu a hankali ya ke cin inji. Tsararon haɗi shi ne mugu, gama ba ya hayaƙi. Ƙarin man nan da a ke ba inji sa'ad da ya ke jan kaya yana taimakawa wajen sanyaya cikinsa. In aka hana shi, wuta ta kan daɗe tana ci har lokacin da bawul na fitar hayaƙi zai buɗe. Bawul ɗin nan ko da lafiya lau ja ya ke yi kamar ƙarfe a maƙera, balle an ƙara masa. Sai bakinsa ya fara zaizayewa. Direba zai ji mota tana atishawa ta kafireta, ta rasa ƙarfi a tudu, wani lokaci a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wannan ƙara ita ke huda kan fistin. Kan injin Fijo kuwa na alminiyam ne, in ya sha zafi ya kan lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai.

Abin takaici, ko man ma ba a tsira da shi ba. Motar da ta rasa ƙarfi, direba ya kan danne totur har ƙasa, ya hau da giya ta biyu tudun da dā ya ke hawa da ta uku. Abin da aka rage a jet ya fita ta ƙafar direba. Kuma inji ba ya zaɓen ranar da zai tsaya. Buhun dawa zai iya kwana uku a bakin hanya bai san an yi ba. Kwandon tumatir kuwa in ya wuni ɗaya a rana, sai dai a zubar, ga kuɗin gyara, ga kuɗin masu kaya.

Shi kuwa ɗan sukurun nan na gindin kafireta da kowa ke murɗawa, an ɗora masa abin da ba nasa ba. Ba ya mulkin komai sai man da inji ke sha sa'ad da mota ke tsaye ba a taka totur ba, abin da makanikai ke kira silo, da ɗan abin da ya biyo baya in an fara takawa. Da mota ta ɗauki hanya, babban jet ne ke aiki. Wanda ya murɗe sukurun ciki bai rage ko cokali ɗaya daga man tafiya Kano zuwa Zariya ba. Abin da ya samu kawai shi ne mota mai mutuwa a kowace mararraba, da batir mai ƙarewa wajen tayarwa.

To, ina man ke tafiya? Gama gaskiya ne da yawa cikin motocin nan suna sha fiye da kima, mai motar bai yi ƙarya ba.

Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne matatar iska, tun ba yanzu da hunturu ke tafe ba. Motar da ke bin hanyar ƙauye cikin ƙura, matatarta ta kan toshe cikin ɗan lokaci. In ta toshe, kamar an ja cok ne an manta: iska ta ragu, tsotson mai ya ƙaru. Mai takarda sai a fid da ita a kakkaɓe a hankali, a ɗaga ta a rana, in haske bai ratsa ba a sake wata. Mai kwanon baƙin mai kuwa, irin ta Land Rover da ta waɗansu Fijo, a zubad da man da ya zama laka, a wanke kwanon, a zuba sabo daidai zanen da aka yi, kada ya wuce. Waɗansu in sun ga matata ta dame su sai su cire ta su yar, su ce mota ta sami numfashi. Lalle ta samu, amma da rairayi a ciki. Ƙurar hunturu in ta haɗu da baƙin mai ta kan zama kamar dutsen wāshi, kafin damina ta cinye ringi.

Daga nan sai ɗan goran nan da allurarsa. In goran ya huje mai ya shiga cikinsa, ya yi nauyi, ba ya tasowa. In allurar ta ci, ko datti ya maƙale a bakinta, ba ta rufewa. Ko wanne ya faru, kofi ya kan cika ya tumbatsa, mai ya riƙa kwarara cikin inji ba awo. Alamarsa warin fetur, da jiƙewar jikin kafireta, da wuyar tashi in inji ya yi zafi. A fid da goran a girgiza shi kusa da kunne, in an ji ruwa a ciki magana ta ƙare. Allura da gora ba su kai kuɗin tanki ɗaya ba.

Sa'an nan ga ɓarnar da hannu ke yi. Jet in ya toshe, abin da aka saba shi ne a sami waya ko allurar ɗinki a sossoka. Tagulla ƙarfe ne mai taushi. Lambar da Solex ke bugawa a jikin jet faɗin ramin ke nan: 130 na nufin milimita 1.30. In soke-soke ya buɗa shi ya kai 1.40, ido ba zai ga bambanci ba, amma ramin ya ƙaru da wajen kashi 16 cikin 100, man da ke wucewa ma haka. Motar da ta shekara 40 tana yawo hannun makanikai, Allah kaɗai ya san sau nawa aka soke ta. Jet da fetur a ke wanke shi, a hure da iskar famfon taya. Wanda ya riga ya buɗe kuwa ba ya gyaruwa, sai a nemi mai lambar da aka ƙera motar da ita. Silin wayar da a ke cusawa don a tsuke shi gyaran gangar Auzinawa ne, ba wanda ya san nawa ya rage.

Mafi yawan abin da a ke ɗora wa kafireta ma ba laifinta ba ne, na wuta ne. Kwantak in ya ci, tazararsa ta kan tsuke, wuta ta riƙa zuwa a makare. Wutar da ta makara tana ƙona mai ba ta ba da ƙarfi, tana kuma dafa inji. A injin Fijo tazarar kwantak milimita 0.4 ce, ta fulogi kuwa 0.6. Ma'aunin nan mai ganye-ganye na ƙarfe ba shi da tsada, ya kamata a ce kowace mota tana da nata a cikin akwatin sifana. Ban da wannan akwai birki mai kamawa, da taya maras iska, da lodin da ya kai bayan mota ƙasa. Waɗannan ko an sa sabuwar kafireta dal ba za su bari a ga amfaninta ba.

Sabo da haka kafireta ita ce ta ƙarshe da za a taɓa. A fara daidaita tafet inji na sanyi, a gyara kwantak da fulogi da taimin, a tsabtace matata, a duba ko iska na satar hanya ta gasket ɗin gindin kafireta ko ta wani tiyo da ya tsage, gama wannan ma na sa haɗi ya yi tsararo. In duk sun yi daidai, sai a zagaya da mota har inji ya yi ɗumi sosai, a tabbata cok ya koma duka. Sukuru biyu ne a wurin: ɗaya na gudun silo, wanda ke tokare da hannun totur, ɗaya na haɗi. A sa na gudu yadda inji zai riƙa juyawa a natse, tsakanin 650 da 800 a minti. Sa'an nan a murɗa na haɗi ciki sannu sannu, rubu'in zagaye, a dakata, a saurara, har inji ya fara sassarfa kamar zai mutu. A komo da shi waje har ya miƙe, a ci gaba har a ji ya fara rangaji, yana hawa yana sauka. Tsakanin nan biyu, inda ya fi gudu da santsi, nan ne wurinsa. In gudun ya yi yawa a rage da ɗaya sukurun, a sake saurare. Kada a ɗaure sukurun haɗi tamau, bakinsa tsini ne, in ya lotsa ba ya sake daidaita. In kuwa aka murɗa shi ciki da waje inji bai ko kula ba, to akwai toshiya ko satar iska, a koma baya a nema.

Aikin nan a fili a ke yinsa. Hayaƙin salansa yana ɗauke da guba maras wari, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. A kuma tuɓe babbar riga a ajiye, fanka da bel ba su san Alhaji ba. Mai shan taba ya yi nisa.

Silo kunne ke gyara shi, amma babban jet sai fulogi zai ba da labarinsa. Bayan tafiya mai nisa da kaya, a kashe inji ba tare da an bar shi ya daɗe yana silo ba, in ya huce a kwance fulogi a duba bakinsu. Ruwan ƙasa-ƙasa, kamar ɓawon gyaɗa, lafiya ke nan. Baƙi mai gari kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawa, wannan maganar ringi ce, kafireta ba ruwanta. Fari fat mai ƙuraje, inji na cikin yunwa, kada a sake ɗora masa kaya sai an gano dalili. Sai dai a lura, tun farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka bar sa darma cikin fetur, kuma man yanzu ba ya rina fulogi kamar na dā, sabo da haka ɗan haske kaɗai ba abin tsoro ba ne in mota na ja lafiya. Hayaƙi ma shaida ne: baƙi na fetur, shuɗi na baƙin mai, fari mai yawa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi na ruwa.

Akwai fa inda canjin jet ya ke da hujja. Iska tana raguwa da wajen kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300 da aka hau. Kano ba ta kai mita 500 bisa teku ba, Jos kuwa ta kai wajen 1,200. Motar da ke zaune a kan dutse tana jigilar dankalin Turawa tsakanin Bokkos da Mangu da Jos, haɗinta ya kan ɗan yi kauri, in aka sauko mata da jet mataki ɗaya ba a yi laifi ba. Amma ran da aka sayad da ita ga mutumin Lakwaja ko Makurɗi, wajibi ne a gaya masa ya mai da na asali, in ba haka ba za ta sauka inda iska ta fi yawa da abincin da bai ishe ta ba. Wanda kuwa ke hawa ya sauko a mako, ya bar ta yadda ta ke.

Shi kansa man abin lura ne. A Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, motoci da yawa suka lalace kafin a janye shi. Irin wannan ya kan ci roba, ya kuma sa haɗi ya yi tsararo ba wanda ya taɓa sukuru. Na 'yan bumburutu kuwa, wanda ƙauye ba shi da makawa sai shi, sau da yawa da ruwa ko ƙura a gindin jarka. Ɗan tsumma mai tsabta a bakin mazurari, da 'yar matatar mai ta roba a kan tiyo kafin kafireta, sun hana rabin toshiyar da ke kai mutane ga soke jet.

Wani abin mamaki, manomin da ba zai sayad da dawa ba sai ya auna da tiya, shi ne zai ce mota na shan mai bai taɓa aunawa ba. Kuɗin da ke fita aljihu ya ke ji, kuɗi kuwa farashi ne ya ninka su. Awon ba wuya. A cika tanki har wuya, a bi hanyar da aka san nisanta da kayan da aka saba, a komo a sake cikawa da galan ɗaya da aka san cikinsa, a rubuta. A yi haka kafin gyara, a yi bayan gyara. Da wannan takarda mai mota zai san ko makaniki ya yi aiki, makanikin kirki kuma ya sami abin kāre kansa. Gama ba duka laifin nasu ba ne. Da yawa sun san illar abin, amma in sun ƙi mai mota zai wuce gareji na gaba. Tsofaffin da suka koyi Solex tun tana sabuwa suna ta ƙarewa, yaran yanzu kuma sun fi sanin na'urar da a ke jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ƙungiyar manoman da ke da irin motocin nan, da ta ɗauki yaro ɗaya mai hankali ta biya masa ya zauna wurin ɗaya daga cikin tsofaffin nan ko na rani ɗaya ne, da ta ci riba.

Masu injin ban ruwa kada su ce maganar ba ta shafe su ba. Ɗan injin fetur da a ke kafawa bakin rijiyar fadama kafireta gare shi, da kofi da gora da jet, sai dai ƙanana, ramin jet ɗinsa ma ya fi saurin toshewa. Soson matatarsa yana son wanki da sabulu, a shanya, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse. Abin da ya fi kashe su shi ne ajiya: a gama aikin rani a jingine inji da mai a kofi har bayan damina, man ya bushe ya bar danƙo. A gindin kofin akwai ɗan noti da aka yi musamman domin wannan. Ran da aka gama ban ruwa a rufe famfon mai, a kwance notin, a tsiyaye abin da ke ciki a gwangwani, sa'an nan a kai inji ɗaki.